Fanka Ɗaya a Bayan Raga Biyu

Mai Gyara ya kifa kwamfutar a kan tebur, ya kunna tocilar wayarsa, ya haska cikin ragar da iska ke fita. A bayan ragar hagu ya ga fanka. A bayan ta dama bai ga komai ba sai rami.

"Auta," ya ce, "wannan ba kwamfutarki ba ce."

Ƙanwarsa ta yi dariyar yaƙe. "Yaya, ka daina wasa. Ga fayilolina a ciki. Ga hoton Mama a sikirin."

"Fayilolin naki ne. Kwamfutar ce ba taki ba."

Tun ƙarfe tara na safiyar Alhamis yake zaune a ɗakin zane na ofishin da Auta ke aiki. Watanta huɗu a wurin, tana zanen gine-gine. Kwana goma da suka wuce ofis ya saya mata sabuwar laftof mai ƙarfi, saboda aikin wani ɗakin karatu mai hawa uku. Gobe da ƙarfe tara masu ginin za su zo su ga zanen yana juyawa a gabansu, gaba da baya, sama da ƙasa. Tun jiya zanen ya ƙi juyawa. In ta ja shi da linzamin kwamfuta sai ya tsaya cak, ya yi tsalle, tagogin su wargaje kafin su dawo.

Ya bi hanyar da yake bi kullum. Ya tabbatar caja na jone. Ya fitar da kwamfutar daga yanayin tattalin batir. Ya kashe manhajojin da ke gudu a ɓoye. Babu canji. Ya sauko da manhajar babban katin hoto, ɓangaren da ke ɗaukar nauyin irin wannan zane, sai ta ƙi hawa, ta ce ba ta ga katin ba. Ya buɗe jerin kayan cikin kwamfutar. Kati ɗaya ne a jerin, ƙaramin da ya isa rubuta wasiƙa da kallon fim. Babban ba ya nan. Kuma ba abu ne da ake zarewa a sa a aljihu ba, a jikin allon ciki ake haɗa shi tun daga masana'anta, da fankarsa ta daban.

Yanzu ya kashe kwamfutar, ya sake kunnawa, ya danna maɓallin da ke buɗe shafin farko, inda na'ura ke faɗin lambarta da kanta. Ya sa Auta ta ɗauko kwalin da aka kawo ta a ciki. Lambar kwalin ta yi daidai da wadda ke manne a murfin ƙasa. Ta cikin na'urar daban ce.

"Kamfani ɗaya ne ya yi su," ya ce. "Jiki ɗaya, launi ɗaya. Ɗaya babba, ɗaya ƙarama. Wani ya zo da ƙaramar, ya kwance murfin ƙasan taki ya ɗaura mata, ya cire faifan da fayilolinki ke ciki ya sa mata, ya tafi da babbar."

Auta ta zauna.

Ya duba sukurorin murfin ɗaya bayan ɗaya. Goma ne, bakwai gajeru, uku dogaye, kowanne a raminsa. Babu wanda aka ƙarje wa kai. Mai hannun da ya yi aikin nan ba ya gaggawa.

Auta ta je ta kira Manaja. Ya shigo da tabarau a goshi da waya a hannu. Sakatariya da direban ofis suka biyo shi, suka tsaya a bakin ƙofa. Mai Gyara ya maimaita bayanin a taƙaice. Manaja ya saurara har ƙarshe, ya sauko da tabaran, ya kalli lambobin.

"Wannan aikin sai wanda ya iya buɗe kwamfuta, ko?"

"Haka ne."

"Da kayan aiki?"

"Ƙaramin sukudireba ya isa."

"Kuma sai yana da irin ƙaramar a hannu."

"E."

"Malam, ka ce mene ne sana'arka?"

Mai Gyara ya ji tambayar ta sauka inda aka nufa. Da bakinsa ya shimfiɗa hanyar, mutumin ya bi ta har ƙofar shagonsa.

Manaja ya juya ga mutanen da ke bakin ƙofa, ya ɗaga murya. "Ita ta sa hannu ta karɓa. Ita ke tafiya da ita gida. Yayanta na da shago cike da irinsu. Ni yaro ne?"

"Yallaɓai, wallahi ni..." Auta ta fara.

"Da mu muka yi," Mai Gyara ya katse, "da ban zo na nuna maka ramin da hannuna ba."

"Da gobe ginin ya ƙi juyawa a gaban baƙi, da na kira wani ya duba. Kun riga ni ne kawai." Manaja ya duba agogo. "Ƙarfe huɗu. In kwamfutata ba ta kan wannan tebur, zan kira 'yan sanda, su tafi da ita a gaban kowa. Aikinta kuwa ya riga ya ƙare."

Ya fita. Ƙarfe sha ɗaya da kwata.

Auta ta kalli yayanta. Mai Gyara bai lallashe ta ba. Ya ce ta ba shi lambar wayar shagon da aka sayo kwamfutar.

Mai shagon ya ɗauka a bugu na uku. Da ya ji zancen sai ya hau rantsuwa. Mai Gyara ya bar shi ya gama, sannan ya ce ya karanto lambar da ya rubuta ranar sayarwa.

"Ta kwali ko ta ciki?" mai shagon ya tambaya. "Ni duka biyu nake rubutawa. An taɓa kawo mini sharri."

"Ta ciki."

Ya karanto. Ta yi daidai da ta kwalin.

Wannan kaɗai ba hujja ba ce, mutum na iya rubuta abin da ya ga dama. Amma Mai Gyara ya tuna cewa ranar da aka kawo kwamfutar, Auta ta tura wa 'yan gida bidiyo don ta yi musu yanga. Ya nemo shi a wayarsa. Ga ginin nan yana juyawa sumul, ga muryarta tana cewa, "Yaya, taka ta iya haka?" Babbar ce ta shigo ofishin nan. Mai shago ya fita daga zargi.

Saura ya san ranar da ta ɓace. Ya je teburin Sakatariya. Mace ce mai shekaru, tana buga takarda da yatsa biyu, ba ta ɗago ba.

"Anti, ina akwatin intanet ɗinku?"

"Ga shi can bayan firinta. Kada ka kashe mini, ina aika saƙo."

"Kalmar sirrinsa nake so."

"A ƙasansa take. Wanda ya haɗa ya ce mu canza, ba mu canza ba."

Ya shiga ta wayarsa. Akwatin na ajiye sunan kowace na'ura da ta hau, da wata lamba da ke jikin na'urar kanta. Sunan yana bin faifai. Lambar ba ta bin kowa. Ya ga sunan kwamfutar Auta sau biyu, da lamba biyu. Ta farko ta sauka ranar Talata da ƙarfe ɗaya saura minti goma, ba ta sake hawa ba. Ta biyu ta fara bayyana a ranar, ƙarfe biyu da minti biyar.

Awa ɗaya da kwata. Ya koma ya nuna wa Auta.

Ta dafe kai. "Talata. Yaya, ranar ce na zo shagonka."

Ya tuna. Ta zo lokacin hutun rana, sun ci abinci tare a kan bencinsa.

"Kin zo da jaka."

"Caja ce a ciki. Ba kai ka canza mata kai ba, da ta ƙi shiga soket ɗin nan? Kwamfutar na bar ta a kan tebur, na kulle ƙofa."

"Wa ya ga kin fita da jakar?"

"Anti."

Hujjar da ya samo ta sake juyowa kansu. Ya ce kada ta faɗa wa Manaja tukuna.

Direban yana bakin gareji yana wanke gilashin mota. Ƙato ne, ana ce masa Birki.

"Ranar Litinin ka kai ƙanwata gida da kwamfutar."

"Na kai ta. A kan cinyarta ta riƙe ta kamar jaririya. Ko ramin titi na shiga sai ta harare ni."

"Talata da rana fa?"

"Ina wurin gini da Manaja. Mun fita sha ɗaya, mun dawo uku da rabi. Tambaye shi, a motar ya yi barci da baki buɗe." Birki ya miƙa masa tafin hannu, yatsun kamar tabarya. "Dubi nan, Malam. Ni taya nake kwancewa. In na kama sukurun kwamfuta sai dai a nemo shi a ƙasan kujera."

Da magana ɗaya mutum biyu suka fita daga zargi, Birki da Manaja.

Ya koma wurin Sakatariya.

"Anti, wa ke da makullin ɗakin zane?"

"Ni, da Manaja, da ita."

"Talata da ƙarfe ɗaya kina ina?"

Ta ɗago a karon farko. "Au, har ni?" Ta ja durowa, ta fito da takarda, ta ajiye masa da ƙarfi. "Masu kawo takardar zane sun zo ɗaya da minti biyar. Naɗi talatin suka ce, na ga ashirin da tara. Muka yi ta yi har biyu saura kwata, sai ga ɗayan a ƙarƙashin kujerar motarsu. Ga sa hannunsu, ga lokaci. Ka kira su."

Ya kira. Mutumin bai manta da ita ba, ya ce har yanzu kunnensa na zafi.

"Wani ya wuce ta gabanki zuwa ɗakin zane?"

"Ko ƙuda."

"Ƙofa ɗaya ce da ɗakin?"

"Akwai ta ɗakin kwali. Ba a kulle ta."

"Wa ke ɗakin kwali?"

"Baba Rula. Ba ya fita da rana, da abincinsa yake zuwa." Ta rage murya. "Ɗana, rufa wa kanka asiri. Shekararsa ashirin da shida a ofishin nan. Shi ya koya wa Manaja riƙe fensir. In ka ambaci sunansa a wannan magana, ba za a jira ƙarfe huɗu ba."

Ɗakin kwali ƙarami ne, yana warin gam. A nan ake yanka kwali da siraran katako a haɗa ƙaramin samfurin gini. Reza, hantsaki da almakashi suna rataye a bango, daga ƙarami zuwa babba, tazara ɗaya tsakaninsu. Dattijon na zaune yana manna matakala mai faɗin farce. Rular ƙarfe na leƙowa daga aljihun rigarsa.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa. Kai ne yayan yarinyar nan. Na ji abin da ya faru. Abin ba daɗi."

"Talata da rana kana nan?"

"Kullum ina nan. Na ci abinci, na ɗan runtsa a kujerar can."

"Ka ji motsi a ɗakin zane?"

"Kunnen tsoho ne."

A kan teburin gefe akwai laftof a rufe, sanye da baƙar rigar roba, irin wadda ake sa wa murfi don kada ya ƙarje. An ɗora ta a kan robar goge fensir guda huɗu, ɗaya a kowace kusurwa.

"Taka ce?"

"Tawa. Da kaina na saya, wata takwas ke nan."

"Ban ga sunanta a akwatin intanet ba."

"Ba na hawa. Cuta ake ɗebowa a can. Filashi ya ishe ni."

"Zan iya dubawa?"

Baba Rula ya ajiye hantsakin a gurbinsa. Ya yi murmushi. "Ɗana, kai ɗan sanda ne?"

"A'a."

"To sai an jima. Ka ja mini ƙofar, iska na ɗaga kwali."

Ƙarfe biyu da rabi. Yana da zato, ba shi da abin da zai nuna. Ya koma ɗakin zane ya tarar Auta ta kwashe kayanta daga durowa ta zuba a leda: kofi, mayafi, wani ɗan littafi.

"Mayar da su," ya ce.

"Yaya, Mama za ta ji an tafi da ni a motar 'yan sanda."

"Mayar da su, na ce."

Ya zauna gaban kwamfutar ya sake kunna bidiyon. A wannan karon bai kalli ginin ba. Ya kalli jikin na'urar. A ƙasan maɓallai, ta hannun dama, akwai 'yar koriyar sitika mai nuna cewa babban katin hoto na ciki. Ya tsayar da bidiyon, ya faɗaɗa. Sitikar a karkace take, kusurwa ɗaya ta ɗaga sama, yadda ma'aikatan masana'anta ke liƙa su a guje. A shekarunsa na gyara bai taɓa ganin wadda aka liƙa daidai ba.

Ya kalli wadda ke gabansa. Ya ɗauki takarda, ya jera gefenta da bakin kwamfutar, ya sa alama a kusurwar hagu ta sitikar, ya matsar zuwa ta dama. Alamar ta faɗa wuri ɗaya. Ko gashi bai shiga tsakani ba.

"Zo ki gani."

Ta duba bidiyon, ta duba sitikar.

"Ɓarawon ya ɓare ta daga babbar ya dawo da ita nan. Dole ne, in babu ita za ki lura. Amma hannunsa bai yarda ya liƙa abu a karkace ba." Ya ajiye takardar. "Yanzu faɗa mini. Cajar na jakarki ranar, bai same ta ba. Babbar kwamfuta ba ta ƙoshi da ƙaramar caja. Daga Talata zuwa yau, wa ya ari taki?"

Ta kalli ƙofar ɗakin kwali.

"Baba. Jiya sau biyu. Ya ce tasa ta fara wasa." Muryarta ta yi ƙasa. "Har ya ce Allah ya yi mini albarka."

"Me ya yi da ita?"

Ta nuna bango. An kafe wani babban hoto na gaban ɗakin karatun, kamar an ɗauka da kyamara. Inuwar bishiyoyi ta kwanta a kan matakala, gajimare na haskawa a gilashin tagogi.

"Jiya ya dafa shi," ta ce. Haka suke kiran aikin a ofishin, lokacin da kwamfuta ke juya zane ya zama hoto. "Manaja har tafi ya yi."

"Da can awa nawa yake ɗauka?"

"Yini guda. Kuma ba ya sa inuwa, ya ce kwamfutarsa ba ta ɗauka."

"Jiya fa?"

"Ya karɓi cajar sha ɗaya. Kafin sha biyu hoton na bango."

Uku da minti ashirin ya ƙwanƙwasa ƙofar Manaja. Bai ambaci sitika ba. Bai ambaci Talata ba.

"Yallaɓai, ko an tafi da ita ko ba a tafi ba, gobe da tara baƙinka za su zo. Da me za ka nuna musu ginin?"

Manaja ya ɗago. A fuskarsa aka ga tambayar ta riga ta hana shi cin abinci.

"Kwamfutar da ta dafa hoton bangon can za ta iya," Mai Gyara ya ce. "A gwada ta Baba. In ta ɗauka, ka huta."

Manaja ya miƙe tun bai rufe baki ba.

Suka shiga ɗakin kwali su huɗu, Sakatariya a baya. Birki ya tsaya a ƙofa. Auta ta riƙe filashi.

"Baba, taimaka mana," Manaja ya ce. "A gwada zanen a taka, saboda gobe."

Baba Rula ya kalli Manaja, ya kalli Mai Gyara. "Tsohuwa ce. Ba za ta ɗauka ba."

"Wadda ta yi hoton jiya? Haba Baba. A gwada dai."

Babu hanyar ƙi. Dattijon ya buɗe murfin, ya kunna, ya karɓi filashin. Zanen ya hau. Auta ta sa hannu a linzami ta ja. Ginin ya juya kamar a kan mai, hawa uku, tagogi duka a wurinsu.

"Alhamdulillahi!" Manaja ya ce. "Baba, ka cece mu."

Sai ƙara ta tashi. Iska mai zafi ta fito ta gefe har ta ɗaga guntun kwali daga tebur. A kusurwar sikirin wani saƙo ya fito.

"Anti, karanta mana," Mai Gyara ya ce.

Sakatariya ta matso da tabarau. "Ta ce cajar da aka jona ba ta da ƙarfin da take buƙata."

"Baba, wannan cajar ita ta zo da kwamfutar?"

"Ita ce."

"Wata takwas tana isarta. Yaushe ta daina?"

Mai Gyara ya juya ga Manaja.

"Yallaɓai, sa kunnenka ta hagu. Yanzu ta dama. Fanka nawa ka ji?"

Manaja ya sunkuya, ya ɗago a hankali. "Biyu."

"Leƙa ƙasanta. Raga nawa?"

Ya leƙa ta tsakanin robobin. "Ɗaya."

"Murfin ƙaramar ne a jikinta. Fanka ta biyu ba ta samun iska, shi ya sa aka ɗaga ta a kan roba." Mai Gyara ya juya. "Birki, ɗauko kwalin. Baba, da izininka zan kashe in kunna."

Ya kashe ta, ya sake kunnawa. Shafin farko ya buɗe. Mai Gyara ya fara karanta lambar da ƙarfi, harafi bayan harafi, Sakatariya na bi da yatsa a jikin kwalin tana cewa, "E. E. E." Sun kai na bakwai Baba Rula ya ɗaga hannu.

"Bari. Ita ce."

Ƙarar fankokin ta cika ɗakin.

Manaja ya nemi kujera ya zauna. "Yaya aka yi ka gane?" Mai Gyara yake tambaya, amma idonsa na kan dattijon.

"Akwatin intanet ya nuna an yi musayar Talata, tsakanin ɗaya saura minti goma da biyu da minti biyar. Kai da Birki kuna wurin gini. Anti na faɗa da masu takarda. Saura mutum biyu, ƙanwata da mai ƙofar da ba a kullewa. Ita ta fita da jaka, gaskiya ne, amma caja ce a ciki, ni na canza mata kai. Da ita ta saci kwamfutar don a sayar, da cajar ta bi ta. Ɓarawon ya rasa cajar, sai ya dawo yana ara. Ba sayarwa ya yi niyya ba, aiki yake so ya yi da ita, kuma ya kasa jira. Washegari ya dafa hoton yini guda a ƙasa da awa ɗaya, ya sa masa inuwa, ka kafe shi a bango. Rigar robar ta hana kowa ganin cewa tasa da tata jiki ɗaya ne. Abin da ya kai ni gare shi kuwa sitika ce. Masana'anta ta liƙa ta a karkace, akwai bidiyo. Wanda ya mayar da ita ya auna da rula."

Sakatariya ta kalli aljihun rigar dattijon, ta kawar da kai.

"Baba," Manaja ya ce. "Don me?"

Baba Rula ya zare filashin, ya ajiye shi a gaban Auta.

"Shekara uku ina roƙonka na'ura. Ka ce a jira. Na sayi wadda ƙarfina ya kai, ina kwana biyu a kan hoto ɗaya. Yarinya ta zo wata huɗu, ka sa an kawo mata a kwali." Ya gyara zaman wata reza da ta goce. "Na ɗauka layi kawai take ja, ba za ta lura ba. Na ce in an gama aikin gobe in mayar."

"Da safe kana jin abin da na ce mata. Ƙofar nan a buɗe take."

"Na ji."

"Kuma ka yi shiru."

"Na yi shiru."

Agogon bango ya nuna huɗu saura minti biyar. Wayar na hannun Manaja. Ya kalle ta, ya juya ta, ya sa a aljihu.

"Baba, kwashe kayanka ka tafi gida. Za mu yi magana ranar Litinin."

Mai Gyara ya ga wayar ta shiga aljihu. Ya buɗe baki, Auta ta riga shi.

"Yallaɓai, ba ka buga ba."

"Ki yi haƙuri. Dattijo ne. A bar maganar a nan."

"Da ni ce, da yanzu mota na ƙofa."

"Na ce ki yi haƙuri. Aikinki na nan."

"Ban ce ka kira masa kowa ba." Ta matso gabansa. "Amma da safe ba a ofishinka ka kira ni ɓarauniya ba. A gaban Anti ka faɗa, a gaban Birki, da ƙarfi. Ga su nan tsaye."

Manaja ya kalli Mai Gyara kamar zai sa baki. Mai Gyara na kwance sukudirebansa daga ƙyalle, bai ɗago ba.

Manaja ya miƙe. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ku shaida," ya ce. "Ba ta ɗauki komai ba. Yayanta ma haka. Ni na yi kuskure."

"Ban ji ba daga nan," Birki ya ce daga ƙofa. "Fankokin nan sun cika ƙara."

Manaja ya sake faɗa, da ƙarfi. Baba Rula ya ɗauki kwanon abincinsa, ya raɓa ta gefen Birki ya fita. Ba wanda ya yi masa sallama, shi ma bai yi ba.

Auta ta ɗauko ƙaramar kwamfutar daga ɗakin zane, ta ajiye ta kusa da babbar, ta ja kujera.

"Yaya, minti nawa za ka mayar da komai wurinsa?"

"Ashirin."

"Yi a sha biyar. Hawa na uku ban sa masa ƙofofi ba."